Sawun Ruwan Batir

Ina cikin naɗa salatif a bakin ƙananan batura, Abba yana buɗe bayan wata tsohuwar talabijin, sai yara suka shigo layinmu da gudu suna ihu wai Auta ta ƙone. Ko takalmi ban tsaya nema ba, na bi bayan Abba.

Auta 'yar Tela ce, maƙwabcin shagonmu, ba ta isa shiga makaranta ba. Mun same ta a bayan kangon da ke ƙarshen unguwa, inda yara ke wasa, tana tsalle tana yarfa hannu. Ƙwallonta ne ya faɗa kwata, ta shiga ɗaukowa ba takalmi. Ƙafafunta sun yi jawur, fatar yatsun ta fara tashi. A gefen kwatar ga batura biyu na mota an fasa su, an ƙwaƙule cikinsu, an yar da baƙin kwanson. Ruwan da ke ciki kuwa an tuttule shi a kwatar.

Mai Ruwa ne ya riga kowa kai mata ɗauki. Yana tafe da garewaninsa a sanda, ya sauke, ya ɗaga yarinyar ya juye mata ruwan duka a ƙafa.

"Ƙaro!" in ji Abba. "Kada a shafa mata mai, kada a shafa komai. Ruwa kawai, a yi ta zubawa."

Mai Ruwa ya yi ta kai da kawo da gudu, hannayensa naɗe da tsumma, har aka samu mota aka tafi da ita asibiti.

Sai da motar ta ɓace wani ya sa ƙafa ya juya kwanson batir ɗin. A jikinsa akwai zagayen farin fenti. Ni na yi wannan zagayen da hannuna. Duk batir ɗin da ya shigo shagonmu haka nake yi masa.

"Na Mai Matattu ne," in ji wata mata, aka juyo gaba ɗaya ana kallon Abba.

Mai Matattu shi ne sunan da unguwa ta sa wa mahaifina, saboda duk kayan wutar da ya mutu wurinmu yake ƙarewa: rediyo, fanka, dutsen guga, waya, batir babba da ƙarami. Muna ware su, mu rufe bakin ƙananan batura da salatif don kada su haɗu su tada wuta, waɗanda suka kumbura mu binne su a durom ɗin yashi, manyan na mota mu jera su a tsaye a rumfar gaba. In sun taru, motar kamfanin da ke sarrafa su ta zo ta kwashe. Ba ma fasawa, ba ma ƙona waya don a ciri jan ƙarfe.

Amma da can Abba yana fasawa, kuma unguwa ba ta manta ba. Da gatari yake buɗe batir ya ciri dalmar ciki ya narka ya sayar, har ciwo ya kwantar da shi, likita ya ce dalmar ce ta shiga jininsa. Ya tashi, amma hannunsa bai daina rawa ba. Kofin shayi ma da hannu biyu yake riƙewa. Tun daga nan ya yi rantsuwa, kuma ni shaida ce bai taɓa karya ta ba.

Muka koma shago, muka tarar an ɗage ragar ƙarfen rumfa ta ƙasa, batura biyu babu. Masu tsagaggen murfi ne, waɗanda Abba ya ware a kan yashi. Ya nuna wa mutane, ba wanda ya sunkuya ya duba.

Da Tela ya dawo daga asibiti idanunsa sun kaɗa. Ya tsaya a ƙofar shagonmu ya ce, "Shekara nawa muna gaisawa, Mai Matattu? Ashe halin yana nan."

"Wallahi ba ni ba ne, Tela."

"To aljanu ne?"

Hajiya mai shaguna, wadda muke haya a wurinta mu da Tela, ta iso da kwaɗo a hannu. Ba muguwa ba ce, amma ba ta son a kira sunanta a rigima. Ta datse ƙofarmu ta jefa makullin a jaka.

"Jibi da la'asar a taru a nan," ta ce. "In an samu wanda ya yi, ga makullinka. In ba a samu ba, ka kwashe matattunka ka bar mini shago, sauran kuma tsakaninka da hukuma."

*

Abba ya tafi gida. Ni na zauna a dakalin shagon ina kuka a cikin mayafi. Ban iya magana a gaban mutane ba tun ina ƙarama. A makaranta ma, ɗan zaman da na yi, in malam ya kira sunana sai muryata ta maƙale. Ranar nan na so in ce musu Abba tun sallar asuba yana tare da ni, bakina ya ƙi buɗuwa.

"Wa ya taɓa mini mata?"

Na ɗaga kai. Kaka Mai Sawu ne, dogare da sandarsa. Tsoho ne da ɗansa mai kanti ya ɗauko daga ƙauye saboda ciwon gwiwa. An ce a zamaninsa in aka sace saniya shi ake kira, ya bi sawu har ƙofar ɓarawo. A birni kuwa ba abin da yake yi sai zama a benci yana kallon ƙasa, yara suna tsokanarsa wai kuɗinsa ya faɗi. Ba mu haɗa komai da shi ba, amma tun ranar da ya fara ganina yake ce mini matarsa.

"Kuka ba ya yi miki kyau, sai in fasa auren," ya ce. Ya zauna a hankali yana cije baki. "Ɗazu kowa yana kallon fuskar ubanki, ni ina kallon ƙasa. Sawun ƙafa dai jama'a sun tattake shi. Amma na ga ɗigo-ɗigo a kan siminti. Matsalar, layin nan cike yake da ɗigo: na mai, na ruwan wanki, na fitsarin awaki. Yaya ake gane na batir?"

Na ce a hankali, "Ruwan kanwa."

"Ɗaga murya, kunnen mijinki ya tsufa."

"In an zuba masa ruwan kanwa yana kumfa, Kaka. Da shi muke kashe shi in ya zube a shago."

Ya buga sanda a ƙasa. "To me kike jira? Jiƙo kanwa, ki haɗo mini da gawayi."

*

Daga bakin rumfarmu muka fara. Kaka ya nuna tabo da sanda, in ɗiga ruwan kanwa daga gora. In ya yi shiru mu wuce. In ya yi kumfa yana ɗan sauti kamar ana soya abu a nesa, in zagaye shi da gawayi. Shi ba ya iya sunkuyawa, ni ban san inda zan duba ba, sai muka zama mutum ɗaya.

Kafin rana ta take, muka waiwaya. Zagayen gawayin sun jeru layi biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna tafiya tare har kwanar layi.

Mutanen da ke kallonmu daga inuwa suka matso. Wani ya ce, "Mutum biyu ne! Kowa da nasa batir, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa." Kafin a jima maganar ta zaga unguwa, har an raɗa wa mutum biyun suna: Mai Caji da Mai Walda, don kullum tare ake ganinsu, kuma kowa ya san tufafinsu duk huji ne.

"Mu je mu gaishe su," in ji Kaka.

Mai Caji yana zaune cikin wayoyinsa, batura jere a gabansa suna shan wuta. Yana ganinmu ya miƙe ya ware ƙafafun wandonsa.

"Baba, ka zo ganin huji ne? Ga su nan, ƙirga. Wannan wandon iska ta ko'ina take shiga, ba na buƙatar fanka."

"Ina ka kwana jiya?"

"A gidana, da matata da ciwon haƙorinta. Baba, ɗaya daga cikin baturan da aka fasa ni na kai wa Mai Matattu da hannuna. In dalma nake so, me zai sa in kai masa, sannan in dawo in sata? Ai sai in fasa a nan in huta."

"Ɗauki wancan in gani."

Mai Caji ya sunkuya, ya kama batir ɗin da hannu biyu, ya ɗaga shi a tsaye daidai cinyarsa, nesa kaɗan da jiki, ya taka a hankali kamar mai ɗauke da kwanon miya cike.

"Haka kullum?"

"Wanda ya san abin da ke ciki ba ya girgiza shi, Baba."

Mai Walda ya leƙo daga shagonsa, baƙin tabarau a goshi. "An ce ni ne na biyun ko? Ku duba rigata da kyau. Hujina bakinsa baƙi ne, tartsatsi ne ya yi shi. Na abokina fari ne kamar ɓera ya ci. Kuma ni ƙarfe nake haɗawa, dalma ko kyauta aka ba ni sai dai in danne takarda da ita."

Kaka ya duba rigar, ya shinshina, ya ce, "Ka dai riƙa wanka."

Aka yi dariya, har ni a cikin mayafi.

Da yamma kuma wata maganar ta fito: an ga Mai Baro ya bi ta hanyar kango da sassafe. Muka same shi a bakin kasuwa yana cin abinci a cikin baronsa. Bai musa ba, buhunan gawayi ya kai gidan burodi. Kaka ya sa ya turo baron har kan layin. Zagayen gawayinmu sun fi baron faɗi nesa ba kusa ba. A wani wuri ma sawun tayarsa na safe ya bi ta kan ɗigon ya murje shi, wato ɗigon ya riga baron zuwa.

"Na fita?" in ji Mai Baro.

"Ka fita, amma ka zo jibi."

*

Washegari muka ci gaba daga kwanar layi. A nan siminti ya ƙare, hanya ta shiga wani lungu mai laka tsakanin katanga biyu, inda mutane ba su cika bi ba. Kaka ya tsaya cak, ya tare ni da sanda.

A cikin lakar akwai sawun silifas, dunduniyar ta nutse sosai, takun gajere-gajere. Ɗigon yana dama, yana hagu, sawun yana tsakiya. Babu wani sawun a gefe.

"Mutum ɗaya ne," in ji Kaka. "Yana ɗauke da nauyi, yana sassarfa. Shiga tsakiya ki ware hannuwanki."

Na shiga na ware. Yatsuna ba su kai kan ko ɗaya daga cikin layukan ba.

"Ko dogon namiji ne, ba zai riƙe batir a kowane hannu ya ware haka ba. Kafaɗarsa za ta cire."

Gaba kaɗan lungun ya tsuke. A nan layi biyun suka karkata suka haɗe suka zama ɗaya, da aka wuce matsin suka sake rabuwa. A jikin katanga, daidai kafaɗar mutum, akwai sabon karce.

Kaka ya daɗe yana kallon karcen. Ya cire hula ya sosa kai.

"Na bi saniya, na bi raƙumi, na bi ɓarawon da ya sa takalmi a juye. Ban taɓa bin mutum mai faɗi kamar ƙofar gareji ba, wanda kuma in ya ga matsi sai ya tsuke."

"Ba ka gane ba, Kaka?"

"Ban gane ba, matata. Ƙasa ta faɗa mini, ni ne ban ji yarenta ba."

Da na koma gida na tarar Abba yana ɗaure buhuna. Igiyar tana ta kuɓuce masa saboda rawar hannu.

"Abba, me kake yi?"

"Shiri. Ba shagon ne ya fi damuna ba, 'yata. In muka tashi, duk abin da muka tara a shara zai ƙare, yara su tsinta, wani ya cinna masa wuta. Kuma duk ranar da yarinyar nan ta kalli ƙafarta za a ce mata aikin Mai Matattu ne."

Na karɓi igiyar na ɗaure masa.

*

Ranar taron da safe na je wurin Kaka. Yana kan bencinsa, bai ko tsokane ni ba. Idonsa yana ƙasa, masu wucewa suna wucewa: 'yan makaranta, mai kayan miya, Mai Ruwa da garewaninsa, wata mata da tulin wanki a ka. Can sai na ga ya miƙe zaune, ya bi hanya da kallo, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Tsufa bai yi ba," ya ce. "Kullum a gabana."

"Me ka gani?"

"Raka ni mu duba Auta."

An sallamo ta, tana kwance a tabarma, ƙafafun naɗe da bandeji, tana cin biskit. Matar Tela ta karɓe mu ba yabo ba fallasa. Kaka ya yi wa yarinyar wasa, ya tambayi masu zuwa dubiya.

"Mutane dai sun yi ƙoƙari," in ji matar Tela. "Bawan Allah nan Mai Ruwa ma, tun ranar bai bar randarmu ta sauka ba. Ba aike, ba komai. Ya cika, ya tsaya a ƙofa ya tambayi jikinta, ya tafi. Ko ido ba ya iya haɗawa da ita don tausayi."

"Allah sarki," in ji Kaka.

*

Da la'asar layinmu ya cika. An kawo wa Hajiya kujera. Tela yana tsaye ya harɗe hannu. Mai Caji, Mai Walda da Mai Baro suna gefe guda, Abba shi kaɗai a ɗaya gefen. Ni na tsuguna kusa da Kaka da gorar kanwata. Zagayen gawayin suna nan a kan siminti, don Kaka ya hana a share.

Ya roƙi Hajiya ta buɗe rumfa, aka fito da batura biyu masu lafiyayyen murfi.

"Kowa ya kai mini su gindin falwayar lantarkin can, yadda ya saba ɗaukar kaya."

Mai Caji ya kai ɗaya, ya dawo ya ɗauki ɗaya. Mai Walda ya rungumi ɗaya a ƙirji, Abba ya daka masa tsawa ya sauke. Mai Baro ya jera su a baro ya tura yana fito. Da aka zo kan Abba, ya kama ɗaya, hannun ya yi ta rawa, ya kasa raba shi da ƙasa.

"Wannan wasan yara ne, Baba," in ji Tela. "'Yata tana kwance."

"Gaskiyarka, ɗana. Ka yi mini haƙuri kaɗan, maƙogwarona ya bushe. A kira mana Mai Ruwa, jama'a su jiƙa baki."

Wani ya ƙwala kira. Mai Ruwa ya ɓullo daga kwanar layi, sanda a gicciye bisa kafaɗunsa, garwa a dama, garwa a hagu, yana taku gajere-gajere da sassarfa. Mutane suka dare suka ba shi hanya. Garewanin suna lilo, ruwa yana fantsalowa daga bakinsu yana ɗiga a busasshen siminti.

Ban san wa ya fara gani ba. Surutu dai ya yi ta raguwa har ya mutu. Ɗigon ruwan yana sauka layi biyu, ɗaya a kan zagayen gawayin dama, ɗaya a kan na hagu, shi kuma yana tsakiya.

"Tsaya nan, ɗana," in ji Kaka a hankali. "In ka zo matsin lungun kango, yaya kake wucewa da sandar nan?"

Mai Ruwa ya kalli ƙasa, ya kalli baya. Ya sauke garewanin.

"Juya ta kake yi, ɗaya gaba ɗaya baya, ko? Shekaranjiya bakinta ya karci katanga. Kwance tsumman hannunka."

Ya kwance. Tafukan sun saɓule, sun yi ja kamar ƙafar Auta.

Ana cikin haka, Hajiya da ƙishi ya dame ta, hankalinta yana kan hannun mutumin, ta miƙa kofi wata yarinya ta ɗebo mata daga garwar. Ni ina tsugune, idona daidai gindin garwar. A kusurwarta na ga sabon faci, toka-toka, mai dusasshen ƙyalli. Na san wannan launin. Na girma ina ganinsa a ƙasan tukunyar da Abba yake narka dalma a da.

"Hajiya, kada ki sha!"

Ni kaina ban san ina da murya irin wannan ba. Kofin ya faɗi. Kowa ya juyo yana kallona, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na nuna da yatsa.

"Dalma ce. Da dalma ya like garwar."

Abba ya zo ya tuntsurar da ruwan, ya kifa garwar, ya karci facin da farce. Ya duba ta biyun. Ya dafe kai.

"Tun yaushe kake raba ruwa a cikinsu?"

"Tun jiya," in ji Mai Ruwa. Ya durƙushe a wurin, maganar tana fita da kuka. "Garewanin ne suka tsufa, kafin in kai gida rabi ya tsiyaye. Wani a bakin famfo ya ce mini a cikin mataccen batir akwai abin da ake narkawa a toshe huji. Na ga an jera su a rumfa, na ce ai matattu ne, ba mai so. Na rataya su a sanda yadda nake rataya garwa. Ruwan ciki na ɗauka ruwa ne kawai, sai da ya ci mini hannu. Na ce in na sauke wannan zuwan na ruwa zan dawo in wanke kwatar. Ina dawowa na ji ihun yarinyar."

"Ka kuma yi shiru," in ji Tela. Ya cakumi wuyan rigarsa ya ɗaga shi. "Ka ga ana zagin bawan Allah nan, ka ga an rufe masa shago, kana cika mini randa!"

"Tsoro na ji. Wallahi tsoro na ji."

Matar Tela ce ta ratso mutane ta riƙe hannun mijinta. "Baban Auta, likita ya ce ba don ruwan da aka yi ta zuba mata nan take ba, da yatsun sun tafi. Shi ya cuce ta, shi kuma ya zuba. Sake shi mu ji da randar da muka sha tun jiya."

Tela ya sake shi. Ya tsaya yana huci, sannan ya juya wurin Abba.

"Na zalunce ka, maƙwabci."

"Da 'yata ce, da abin da zan faɗa ya fi naka," in ji Abba. "Bar wannan. Duk gidan da aka kai wa ruwa tun jiya a zubar, a wanke randa. Gobe a je asibiti a faɗa musu abin da ya faru, yara a gaba. Kai ma, Mai Ruwa, har da kai, ka shaƙi hayaƙinta. Ina sauran dalmar?"

"Tana ɗakina, a ƙarƙashin tabarma."

"Inna lillahi. A kanta kake kwana?"

Aka yanke a wurin cewa Mai Ruwa zai kawo sauran, ya bar garewanin a shagonmu su bi motar kamfani, ya kwashe lakar kwatar da safar hannu da takalmin roba na Abba, kuma shi zai riƙa goya Auta zuwa wankin ciwo har ta taka. Maganar hukuma Tela ya ce a bar masa ya yi tunani, daga baya bai sake tada ta ba. Hajiya ta ce akwai jarkoki a gidanta da ba a taɓa zuba musu komai ba sai ruwa, ya je ya ɗauki biyu.

Sannan ta buɗe jaka ta ciro makullin. Abba ya miƙa hannu, ta kauce, ta sa shi a tafina.

"Ashe kina da baki," ta ce.

*

Da muka buɗe shago washegari, kafin mu gama shara mutane sun fara zuwa. Wannan da rediyon da ya shekara a ƙarƙashin gado, wannan da leda cike da baturan tocila da yara ke wasa da su, matar Tela da tsohon dutsen guga. Mai Walda ya zo da injinsa ya like ragar rumfar tun daga ƙasa, yana ta mita wai an ɓata masa suna a banza, ko shayi ba a ba shi ba. Abba ya ba shi shayin. Daga baya sakamakon asibiti ya zo da sauƙi, Mai Ruwa kaɗai aka ce ya riƙa komawa. Auta ta taka, da ɗan tabo a yatsu biyu.

Ni kuwa abu ɗaya ya tsaya mini. Tsohon nan ba danginmu ba ne, ba wanda ya aike shi, ya ja gwiwarsa mai ciwo ya bi lungu da laka saboda mu. Na shirya maganar da zan faɗa masa, doguwa, na yi ta maimaita ta a hanya. Da na isa bencin na durƙusa, duk ta gudu.

"Kaka, na gode," na ce. "Allah ya saka. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa."

"Amin. Amma ni ban yarda da wannan 'yar muryar ba. Ta ranar nan nake so, wadda ta kayar da kofin Hajiya."

Na rufe fuska ina dariya, hawaye yana zuba.

Ya laluba aljihu ya ciro wata tsohuwar waya. Bayanta ya kumbura har murfin ya ɗage.

"Ɗana ya ce in jefa a shara. Na ce sai na tambayi matata."

"Kada ka jefa, Kaka. Kada ka ƙara sa ta a aljihu ma."

"To karɓi. Sadakinki ke nan, kada ki ce ban biya ba."

Na karɓa da hannu biyu, na taka a hankali har shago, na binne ta a cikin yashi.